Farin Yadin Jirgin Baba

Ni dai aikin kula da tsofaffi ne ya kai ni gidan, ba ɗinki ba. Ɗinki na baro shi a Kumasi tare da kekena. Kowace safiya nakan hau bas daga unguwar Tremont in sauka Parkchester, duk a nan Bronx, ƙetaren teku, in ratsa tsakanin jajayen benayen nan masu kama da juna, waɗanda a makon farko sai da na ɓata a cikinsu har na fara tsine wa wanda ya zana su. A ɗaya daga ciki akwai wani tsohon Bature da ya haura shekara tis'in, shi kaɗai, matarsa ta daɗe da rasuwa. Aikina in yi masa wanka, in ba shi magani, in dafa abin da likita ya yarda, in hana shi faɗuwa. Tun ranar farko na ce masa Baba, don bakina ba zai iya kiran sa'an kakana da sunansa gatsau ba. Ya ce shi bai haife ni ba. Na ce ai ba shawara na zo yi ba. Haka sunan ya zauna masa.

Baba akwai rigima. Shayi ya yi zafi, laifi. Ya huce, laifi. Amma ba shi da mugunta ko kaɗan, kuma idan lokacin salla ya yi shi yake fara tuna mini, ya nuna agogo da sandarsa ya ce in je kar Ubangijina ya jira.

Abinci a kan faranti yake ci, bisa cinyarsa, domin teburin cin abinci jirgi ya cinye shi. Jirgin sama ne na katako wanda ya haɗa da hannunsa, fukafukai biyu, ɗaya sama ɗaya ƙasa, da 'yan sanduna da wayoyi a tsakaninsu. Tsawon fukafukan ya kai in buɗe hannuwana duka biyu. Sai dai tsirara yake, haƙarƙari kawai, sirara kamar ƙayar kifi. Doka ta farko a gidan ita ce kada tsummana ya kusanci teburin nan. Na ce to, ƙura ta ci shi, ba ni na saya ba.

A hankali ya riƙa ba ni labarinsa, ina yanke masa farce ko ina shafa masa mai a ƙafa. Ya ce irin jiragen da suka fara ɗaukar wasiƙu ne bayan yaƙin duniya na farko. Matuƙi a baya yake zama, babu rufi a kansa, ruwa da ƙanƙara duk a fuskarsa, buhunan wasiƙa kuma a wani akwati a gabansa. Hanyar jirgin ƙasa suke bi da ido don kada su ɓata, in duhu ya yi kuma a hura musu wuta a ƙasa. Da na tambaye shi da me ake rufe haƙarƙarin, ya ce da yadi. Na ce yadi fa, irin na riga? Ya ce shi. Na ce wato mutum da matarsa da 'ya'yansa, ya shiga cikin katako da yadi ya hau sama don ya kai wa wani gaisuwar wani? Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi, sai da na buga masa baya.

Na ce masa mu ma muna da irin matuƙan nan. Duk wanda zai tafi gida daga unguwarmu ba ya faɗa da ƙarfi, don kafin ya rufe baki falonsa ya cika da saƙo: maganin hawan jini na wannan, takalmin jikan wancan, turare, waya. Mai dawowa kuma ya zo da yaji da busasshen kifi da daddawa. Ba ka buɗewa, ba ka tambayar abin da ke ciki, kai dai ka kai. Wannan labari ya yi wa Baba daɗi sosai. Duk Litinin sai ya tambaye ni ko jirgin unguwarmu ya sauka.

Ni na ɗauka mahaifinsa matuƙi ne. Ashe jirgin don mahaifiyarsa ya yi shi. Tana budurwa, da kuma bayan ta haife shi, aikinta a wata masana'anta a bayan gari shi ne ɗinka yadi a kan fukafukan irin jiragen nan, ita da wasu mata, da dogayen allurai. Ya ce yana tuna warin man da ake shafa wa yadin a jikin rigarta, da yadda takan ɗalli abu da yatsa ta kasa kunne, ko zanen gado ne. Bayan ya bar aiki ya fara sassaƙa jirgin kaɗan-kaɗan. Da ya iso wajen yadin, wajen aikin uwarsa ke nan, sai hannuwansa suka fara rawa, idonsa ma ya dushe.

Wata Lahadi da ba na nan ya faɗi a banɗaki. Bai karye ba, amma 'yarsa da ke zaune a wata jiha ta zo a gigice. Mace ce mai kirki, ta gaji ne kawai da fargaba. Ta samo masa ɗaki a gidan tsofaffi, aka ce ƙarshen wata zai koma. Da maganar jirgin ta taso ta ce in a rufe yake sun yarda a rataye masa a saman gado, amma ƙasusuwan katako haka za su kakkarye a hanya, gara a bar shi. Bayan ta tafi Baba ya ƙi cin abinci, ya juya kujerarsa yana kallon teburin.

Laifin aljihun rigarsa ne da ya yage. Na ɗauko zare da allura na gyara masa a tsaye, ban kawo komai a raina ba. Ya sa babban yatsa ya bi ɗinkin daga farko har ƙarshe, ya sake bi. Ya tambayi wanda ya koya mini. Na ce Mma, mahaifiyata. Sai ya nuna mini aljihun tebur na ƙasa ya ce in buɗe.

Farin yadi ne na auduga, a ninke, ko ruwa bai taɓa gani ba. Wallahi ban san lokacin da na mayar da aljihun teburin na rufe da ƙarfi ba. Na dubi katakon nan a miƙe bisa tebur, sai na ga makara. Na dubi tsohon da bai warke daga faɗuwa ba. A wajenmu ba a shigo wa marar lafiya da farin alawayyo ɗaki, balle a zauna a gabansa da allura. Malamai za su ce camfi ne, kuma gaskiyarsu, amma su je su gaya wa tsikar jikina. Na ce masa ba zan iya ba. Ya tambayi dalili, na ce aikina wanka da magani ne.

Akwai abin da ban gaya masa ba a ranar. A zangonmu na Kumasi, idan mace ta rasu, ni da Mma ake kira mu ɗinka likkafani, da hannu, a tsakar gidan makoki. Ita ta koya mini, kuma ba ta yarda da ha'inci, wai don ƙasa za a kai ba dalili ba ne na yi wa baiwar Allah aikin banza. Sau da yawa muna cikin ɗinki takan zungure ni da gwiwar hannu ta ce, “Nawa ke za ki yi. Kuma kar ki yi mini ɗinkin gaggawa.” Ni kuwa in ce ai ni zan riga ta. Da ta rasu ina nan Bronx. Da safe Yaya ta kira ni, kafin la'asar an kai Mma makwancinta. Babu jirgin da zai kai ni kafin la'asar. Wani tela maƙwabci ne ya zuga likkafanin a keke, mutane na tsaye a kansa suna jira. Tun daga ranar ko zanen gado fari ba na saya.

Amma tausayin Baba ya hana ni sakat. Da yamma na biya shagon wani Bazabarme ɗan Nijar a kan titinmu na ce ya ba ni atamfa marar nauyi, mai kyau. Ya fito mini da wata koriya mai zanen ruwan ɗorawa, yana ta rantsuwa rabi da Hausa rabi da Faransanci cewa wannan sai amarya. Na ce a raina, ai yadi yadi ne. Ga jirgi ya samu sutura, ga ɗaki ya yi haske, kowa ya huta.

Washegari na shimfiɗa ta a kan fiffiken ina washe baki. Baba ya sa tabarau, ya matso, ya cire tabarau. Fuskarsa ta yi ja har kunnuwa. Ya ce jirgin uwarsa wasiƙa yake kaiwa, ba biki zai je ba, in kwashe labulena daga kan teburinsa. Labule! Atamfar da na tsaya na zaɓa! Na ce masa a garinmu ko sarauniya ta samu wannan sai ta gode, kuma mutumin da bai san kaya ba bai kamata ya yi maganar kaya ba. Na ninke abata na cusa a jaka. Muka yi kwanaki ba ma magana sai ta dole: ga magani, ɗaga hannu, ruwan ya yi zafi.

Ana cikin haka kwalaye suka fara isowa daga 'yarsa. Na riƙa naɗe kofuna da hotuna a takarda, gidan yana ta zama fanko, teburin kaɗai ba a taɓa ba. Wata safiya na buɗe ƙofa na same shi zaune a gaban jirgin, ya yanko farin yadin a karkace, allura a hannunsa tana rawa. Ya soki yatsarsa ba sau ɗaya ba, ga ɗigon jini a yadin. Na ƙwace allurar ina faɗa, ina cewa so yake a kore ni daga aiki, so yake 'yarsa ta ce ban kula da shi ba. Na ɗaure masa yatsa, faɗan ya ƙare mini. Nan na zauna a ƙasa kusa da kujerarsa na gaya masa komai, da makara, da Mma, da telan da ya zuga a keke.

Ana jin wucewar jirgin ƙasa daga nesa. Can ya ba ni haƙuri game da atamfar, ya ce bai sani ba. Sannan ya ce:

“Uwata ta san wasu daga cikin matuƙan da ta ɗinka wa fukafukai ba za su dawo ba. Ta gaya mini. Ta ce shi ya sa ba ta taɓa yin sauri ba, ko mai gidan aikin yana tsaye a kanta.”

Ya ce in mayar da yadin aljihun tebur, ba zai sake tambayata ba, jirgi bai kai hawayen mutum ba. Da ya ci gaba da matsa mini, na san halina, da har yau ban yi ba. Amma tsohon nan ya haƙura da abin da ya fi so a duniya don kada raina ya ɓaci. Kuma maganar uwarsa, sai ka ce a tsakar gidanmu ta zauna ta ji Mma. Na tashi na wanke jinin da ruwan sanyi, na shanya yadin a jikin taga, na ce masa ya bar mini almakashi, ya ga yadda ya lalatar da gefe guda.

Na yi bisimilla na fara. Tun daga yankan farko hannuna ya tuna aikinsa. Kullum bayan wanka da magani sai mu zauna, ni da allura, shi da baki. A ja yadin a kan fiffike, a soka allura daga sama ta fito ƙasa, a zagayo haƙarƙari, a ƙulla, a matsa gaba kaɗan a sake. Shi yake auna tazarar da faɗin yatsarsa. Mun yi faɗa a kan ƙullin. Ya ce ba haka uwarsa take yi ba, na ce to ya kwatanta mini, ya kwatanta a iska da hannuwa masu rawa, na gwada a kan tsumma har ya shafa ya ce shi ne. Gaskiya ƙullin uwarsa ya fi nawa riƙo, na gaya masa, ya yini yana fankama.

'Yarsa ta kira ta ce saura 'yan kwanaki, ni kuwa saura fiffiken ƙasa gaba ɗaya. Na fara sauri. Baba ya shafa inda na yi, ya ɗora hannunsa a kan nawa. Na warware na sake. Ina ɗinkin ina karanta abin da muke karantawa da Mma, a hankali, hawaye na sauka, shi kuwa ya juya kai wajen taga kamar akwai abin kallo a can. Wannan kawaicin nasa har gobe ina gode masa. Na riƙa zuwa da wuri, ranar hutuna ma na zo, har muka kai ƙarshen fiffiken.

Sai man da ake shafawa. Kai, wari! Na buɗe tagogi duka, na tura Baba uwar ɗaki na rufe shi saboda ƙirjinsa, yana ta ba ni umarni ta bayan ƙofa. Maƙwabciya ta ƙwanƙwasa ta tambaya ko fenti muke yi, na ce jirgi muke yi, ta tafi tana waiwayena. Da man ya bushe yadin ya ɗame, duk wata tattara ta ɓace, farin ma ya koma ruwan madara.

Na kawo Baba gaban teburin. Idonsa ba ya gani sosai, don haka da hannu ya duba, daga wannan ƙarshe zuwa wancan. Sai ya lanƙwasa yatsa ya ɗalli fiffiken. Ya yi ƙara kamar ƙaramar ganga. Ya sake ɗalla, ya kasa kunne. Ya ce rabonsa da jin wannan ƙara tun yana yaro. Na tafi kicin na ɗora ruwan da ba wanda ya nema.

Da na dawo ya buɗe ɗan murfin akwatin da ke gaban kujerar matuƙi, ya zura yatsa ciki. Ya ce jirgin wasiƙa ba ya tashi fanko, yana buƙatar buhuna, ko atamfar nan tana nan? Na ce labulen? Ya yi dariya. Atamfar tana nan, amma ba ita na kawo ba. Bayan rasuwar Mma, Yaya ta aiko mini da kallabinta ta hannun wani matafiyi, shuɗi, ya sha wanki har ya yi laushi. Na yanki gefensa na ɗinka 'yan buhuna kamar babban yatsa, na cusa musu audugar kwalbar magani, na ɗaure bakinsu da zare. Da ya ji laushin yadin ya tambayi na waye, na gaya masa. Ya cire hularsa, ya jera su a akwatin da kansa, ɗaya bayan ɗaya, ya rufe. Ya ce matuƙan nan ma ba sa buɗewa, ba sa tambaya, kaiwa kawai suke yi.

Ranar tashi ni na rungumo jirgin daga sama har mota, na riƙe shi a bayan babbar motar da 'yarsa ta ɗauko haya, duk ramin da muka faɗa sai na yi salati. Aka rataye shi a saman gadonsa da zaren kamun kifi. Ya kwanta yana kallonsa, ya ce 'yarsa ta ɗan karkata hancin jirgin sama kaɗan. Aikina ya ƙare a ranar, aka tura ni wani gida, amma na riƙa kai masa ziyara ranar hutuna da kunu a fulas, yana sha yana kushewa. Bai ga ƙarshen sanyin shekarar ba. 'Yarsa ta ɗauki jirgin zuwa gidanta, ta kira ta tambaya ko ina son a mayar mini da 'yan buhunan. Na ce ta bar su, na riga na ba da saƙo.

Bayan wasu watanni wata dattijuwa ta rasu a benenmu, mai sayar da turare, 'yar Nijar. 'Yarta ɗaya tana Yamai, ba ta da takardar shigowa. Mata muka taru a ɗakin mata na masallaci, aka kawo farin yadi aka ajiye a tsakiya, ana ta kallon juna, wata na cewa a kai wa tela. Na ce a miƙo mini almakashi. Matan da suka san ni shekara da shekaru ba su taɓa sanin na iya ba.

Na zauna na yi shi da hannu, da ƙullin uwar Baba. Da na gama, wata ta miƙo mini waya ta ce 'yar marigayiya ce. Tana ta kuka, tana tambaya ko an yi wa uwarta komai yadda ya kamata, wa ya yi wanka, wa ya yi ɗinki. Na san abin da take son ji, don ni ma na taɓa riƙe waya haka.

Na ce mata, “Ƙanwata, ni na ɗinka, da hannuna. Ban yi mata gaggawa ba.”